Ranar da Mashin Ya Koma Kwana a Zaure

Malaminmu na Boɗinga, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu, mai tsentseni, wanda ya san itatuwan magani kamar yadda ya san almajiransa. Ga kaɗan daga karamominsa.

Akwai wata baiwar Allah, Rashida, matar Mainasara ɗan kabu-kabu. Saboda tsoron ɓarayi, a ɗakinsu mashin ke kwana, kusa da gado, an lulluɓe shi da zanen Rashida. Da safe kuma sai Mainasara ya tada shi a nan ciki, ƙofa rufe, wai ya yi ɗumi kafin maƙwabta su zo aro. Hayaƙi ya turnuƙe, ɗiyarsu 'yar shekara uku ta kama tari, ƙirjinta na kuka kamar usur. Rashida ta gane mafarin ciwon sarai, amma kunya ta hana ta ɗora wa mashin laifi a gaban mai shi.

Da abin ya tsananta suka tafi wurin Malam. Mainasara ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, iska ne. Ko kuwa bakin mutane, tunda na sayi..."

Malam, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka gidansu ba, ya saurari numfashin yarinyar, ya ce a dafa citta da kanumfari a sa zuma, a yi mata sirace da ganyen turare, a kuma kai ta asibiti a duba ƙirjin. Sannan ya ce, "Mashin kuwa ya kwana zaure. A mai da ma Rashida zanenta."

Rashida ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mainasara ya ce, "Malam, ɓarayi fa?"

"Ba mai tahiya da shi, in Allah Ya so."

Tarin ya yi ta raguwa har yarinyar ta koma wasan ƙasa. Wata safiya Mainasara ya dawo masallaci ya iske wani ƙato zaune gefen mashin, gumi sharkaf, ƙafa ta kumbura don bugun kik. Mutumin ya ɗago kai ya ce, "Don Allah maigida, wai yaya kake tada abin ga?"

Malam ya aika ma ɓarawon da man shafawa.

Tsarki ya tabbata ga Mai ba bayinSa abin da Ya so. Allah Ya ja zamanin Malam, Ya sa mu cikin albarkarsa, mu da 'ya'yanmu, amin.