Wanda Ya Ƙara wa Tsere Nisa

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To ku gyara zama, 'ya'yana, wannan ba ta dariya ba ce.

An yi wani mutum, gwanin hawan doki, mai wata farar goɗiya da ba ta san gajiya ba. Shi ya koya wa ƙanensa hawa. Kullum yana ce masa, "Kai ɗan Inna, kada ka zubar da ƙarfin doki tun farko. Riƙe shi sai kwanar ƙarshe."

A lokacin tseren garinsu gajere ne. Sai Allah ya ba ƙanen wani baƙin doki mai tashi kamar kibiya. Ya ci wannan shekara, ya ci ta gaba. Duk inda mutumin ya zauna sai ya ji ana nuna shi: "Ai wan gwanin nan ne." Wan gwani! Shi da ya fara ɗora yaron a sirdi? Abinci ya daina yi masa daɗi. In ƙanen ya leƙo barga ya ce, "Yaya, ina kwana?" sai ya ci gaba da goge goɗiyarsa kamar bango aka gaisar.

Sai ya je wurin dattawan da ke shirya tseren, ya ce, "Wannan ai wasan yara ne. A ƙara nisa mu ga dokin gaske." Ya san baƙin dokin ba ya dogon zango. Dattawa suka yarda, aka ja hanya har bakin gonaki, ta zagayo ta dawo.

Ranar tsere baƙin doki ya fice gaba, kamar yadda mutumin ya yi tsammani. Abin da ya rage masa kawai ya riƙe linzami ya jira dokin ya gaji. Wa ya fi shi sanin haka?

Amma jama'a na ta kiran ƙanen, shi kuwa mutumin yana kallon bayan ƙanen. 'Ya'yana, kallon nan ne ya kasa jurewa. Ya zabga wa goɗiya bulala, ita da ba a taɓa duka ba. Ya ƙara. Ta ba shi duk abin da take da shi, ya wuce, har da waiwayowa.

Ƙanen ya ɗaga murya: "Yaya, da saura fa! Riƙe ta!"

Ya ɗauka ba'a ce, ya ƙara mata bulala. Kafin kwanar ƙarshe ƙafafunta suka lanƙwashe, ta faɗi da shi, ta danne shi. Ƙanen ya ja linzami ya diro, ya janyo shi yana kuka. Wani can daban ya ci tseren.

Kun ga hassada? Ba ta raba shi da saninsa ba, hana shi aiki da shi ta yi. Da shi zai ci tseren, da a ce ya iya haƙurin ganin ɗan'uwansa a gaba na ɗan lokaci. Wane ne cikinmu bai taɓa jin wannan zafin ba? In ka ji shi, ja linzami.

Goɗiya a nan ta mutu. Mutumin ya karye a ƙugu, bai sake hawa ba, ƙanen ne ya riƙe shi da iyalinsa har ya rasu. Tseren kuwa yana nan da tsawonsa har yau.

Allah ya kiyaye mu, ya wanke mana zukata.