Makullin Injin Rafin Kanya

Ku matso kusa. Wanda ya san ba zai iya riƙe bakinsa ba ya tashi tun yanzu, don ba na son a katse ni. Gardama tana nan a ƙarshe, kowa zai samu rabonsa.

Akwai wani ƙauye, Rafin Kanya, mutanensa ba su da sana'a sai shinkafa. Maza su noma a fadama, mata su turara, a kai injin casa, ta fito fara tas a kai kasuwa. Injin ɗaya ne tak a garin, na wani dattijo, Alhaji Na'iya. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya sa shi a kasuwa, har wani ɗan birni ya zo ya taya. Ranar da injin nan ya hau mota kuwa an gama da garin: sai dai a riƙa sayar wa 'yan baranda shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a yadda suka ga dama, mata kuma su kife tukwanen turara. Dattawa suka je roƙo. Na'iya ya ce, "Na ba ku kasuwa huɗu. Ranar ta huɗu in ban ga kuɗina ba, kada wanda ya zo mini da 'a yi haƙuri'."

Mutum uku ne suka tsaya wa garin a wannan lamari. Na farko shi ne Sallau, mai awo a kasuwa. Aka taru a ƙofar masallaci bayan Juma'a, aka ce a yi karo-karo. Wallahi ba wanda ya sa hannu a aljihu. Kowa na tune da wata ƙungiya da aka taɓa yi, aka tara kuɗin taki, har yau ba a ga taki ba, ba a ga ma'aji ba. Sai Sallau ya miƙe ya ce, "Ni ba taimako nake nema ba. Injin za mu yanka gunduwa-gunduwa, kowa ya sayi tasa. Sunanta hannun jari. Wanda ya saya yana da inji, in an ci riba bayan kaka a ba shi rabonsa." Wani ya ce ina kuɗin suke, ana tsakiyar bazara? Sallau ya ɗaga tiyarsa ta awo ya ce, "Ga kuɗin nan a rumbunanku. Tiya goma ta shanshera, hannun jari ɗaya. Da tiyar nan zan auna wa mai gari, da ita zan auna wa mai kiwon jakinsa, a gindin kanyar can, kowa na kallo." Haka ya yi. Ya bar rumfarsa kwana bakwai yana awo cikin rana, yana miƙa wa kowa kati da sunansa. Rumbuna suka buɗe. Amma da kasuwar farko ta ci, ko rabi ba a kai ba.

Ta biyu ita ce Hansai dillaliya. Ita ce ta gano wautar da aka tafka. An yi shela a ƙofar masallaci, inda ba mace ko ɗaya, alhali masu kai wa injin aiki kullum mata ne! Mazan kuma kowa ya koma gida ya ce wa matarsa, "Kawo abin da kike da shi in haɗa a sunana." Wace mace ce za ta yarda da wannan? Kowace ta ce ba ta da ko ƙwaya. Hansai ta tari Sallau a gindin kanya ta ce, "Malam Sallau, kai da wayonka, ka taɓa ganin mace ta sayi akuya ta ɗaure a turken mijinta? Ba ni katunan nan." Ta shiga gida-gida, soro bayan soro, har inda aka taɓa yin faɗa da ita kan cinikin atamfa. Kowace mace kati da sunanta, ba na miji ba, ba na uba ba. Mai shanshera ta ba da shanshera. Wadda ba ta da ita ta ba da kaza, ko tunkiya, ko kwanon samira daga jere, Hansai ta kai kasuwa ta sayar ba ta cire ko sisi na la'ada ba. Wani maigida ya kore ta da sanda, washegari ta dawo ta ƙofar baya. Abin da ta tara ya fi na maza. Amma kasuwa ta uku ta ci, da saura.

Na uku shi ne Barau, wanda ya yi shekara ashirin yana tayar da injin, har ƙararsa ta cinye masa kunne ɗaya. Ana cikin wannan hali sai Alhaji Maikwano, babban mai sayen shanshera a yankin, ya zo da fara'a ya ce zai saye duk abin da ya rage, da sharaɗi ɗaya: kowa ya yi magana a ƙungiya gwargwadon hannun jarinsa. Jama'a suka ɗauki kabbara. Barau ya ce a maimaita masa ta kunnen da ke ji. Da aka maimaita sai ya ce, "Ashe duk wahalar nan inji muke saya wa Alhaji Maikwano da kajin matanmu! Mutumin da arzikinsa ke ƙaruwa duk ranar da injin nan ya tsaya, shi za ku ba bakin magana? Kai ɗaya, murya ɗaya. Kuma kada a sayar wa kowa fiye da hannun jari ashirin." Maikwano ya kaɗa riga ya tafi. Mutane suka yi kan Barau kamar su cinye shi, har ƙaninsa ya ce masa, "Yaya, in injin nan ya tafi, kai ma ka bi shi." Barau ya ce to. Ya sayar da kekensa ya yi kuɗin mota, ya nufi birni wajen 'yan garin da ke ci-rani. Ya bi 'yan ga-ruwa, ya bi masu shayi, ya bi masu dako a tasha, yana ce wa kowane, "Uwarka ta sayar da tunkiyarta ta saya. Kai fa?" Ranar kasuwa ta huɗu da hantsi, motar ɗan birni ta riga ta ja baya zuwa ƙofar ɗakin inji, an fara kwance ƙusoshi, sai ga Barau ya diro daga bayan a-kori-kura, ƙafafu a kumbure, da cikon a ɗaure cikin hularsa. Na'iya ya karɓa, ya ce a mayar da ƙusoshin.

To, aka zo naɗa shugaban ƙungiya, wanda za a damƙa wa makullin ɗakin inji. Nan gari ya rabu uku. Masu son Sallau suka ce ba don tiyarsa ba, da ba wanda ya buɗe rumbu, sauran biyun hanyarsa suka bi. Mata suka ce dabarar Sallau a rabin hanya ta mutu, Hansai ce ta tashe ta, kuma mafi yawan injin nasu ne. Mutanen Barau suka ce da an bi ta Sallau da Hansai kaɗai, da yau Maikwano ne ke yanka wa kowa farashi. Waɗansu kuma suka ce Barau caca ya yi da abincin gari: da motar da ya hau ta yi faci a hanya fa?

Makulli ɗaya ne, ba a raba shi uku. Kada kuma wani ya ce mini a ba su karɓa-karɓa, wannan amsar malalata ce, ba na son ji. Yanzu na sake muku bakinku. Tsakanin Sallau, da Hansai, da Barau, wa za ku damƙa wa makullin?