Mutumin da Ya Ce "Netwok Ne"

An yi wani mutum a Yalwawa, cikin Dutse, injiniyan kwamfuta. Sunansa ba zai amfane ku da komai ba. Wani ƙaramin kamfani ya ba shi amanar gwada manhajar da ke tafiyar da na'urorin asibitocin ƙauye, waɗanda ake aika saƙo birni da su in ana neman jini.

Ku sani, ya 'yan uwa, saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Gutsuttsura shi ake yi, kowane gutsure ya kama hanya. Wani lokaci ɗaya ya ɓace, sai gwajin ya nuna ja, alamar matsala, alhali manhajar lafiyarta ƙalau. Jan ƙaryar nan ya ishi mutumin, kullum yana hana shi tashi aiki da wuri.

Abokiyar aikinsa, Chundung, ta ce, "Malam, mu maimaita sau uku, mu ƙirga abin da ya ɓace. In ya wuce kima, mu bincika."

Ya ce, "Ke dai kin cika son wahala. Netwok ne."

Sai ya saita gwajin ya yi ta maimaita kansa har ya nuna kore, ko da sau ɗari ne. Ja bai ƙara fitowa ba, aka yi ta yaba masa. Ashe a cikin jan akwai na gaskiya. In gutsure ya ɓace, manhajar ba ta sake aika shi, sai kawai ta rubuta "an aika".

Bayan wata bakwai, ƙanwarsa Mashkura ta haihu a asibitin wani ƙauyen Buji, jini ya ɓalle mata. Ungozoma ta aika neman jini, ta ga "an aika", hankalinta ya kwanta. Suka zuba wa hanya ido tun hantsi har azahar. Saƙon bai isa Dutse ba. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

A zaman makoki mutumin ya ja mijinta Uwaisu gefe, ya tambaye shi yadda aka yi. Uwaisu ya share hawaye ya ce, "Wallahi Yaya, sun aika. Sun ce netwok ne."

Mutumin ya koma ofis, ya mayar da gwajin yadda yake a da. Nan take ja ya fito.

Ya gyara manhajar, amma wa zai gyara masa zuciya? Ya ajiye aiki. Jaririyar tana hannun mahaifiyarsa, har yau bai iya ɗaukarta ba. Da bakinsa ya ba ni labarin nan, yana kuka.

Ya 'yan uwa, kuna zaton a kasuwar Jahun kaɗai ake tauye mudu? Duk wanda aka damƙa wa awo, na hatsi ne ko na na'ura, ya danne shi don ya huta, ya ci amana, kuma bai san wa zai karɓi tauyayyen mudun ba.

Allah ya kiyaye mu daga ha'incin da hannunmu zai shuka, jininmu ya girba.