Tafkin da Aka Yi wa Katanga

A wani ƙaramin gari da ba shi da kogi, akwai wani manomi wanda ya gaji aikin duba tafki daga wurin mahaifinsa. Tafkin nan shi ne ran garin. Damina ta cika shi, shi kuma ya riƙe musu ruwa har wata daminar, mutum ya sha, dabba ta sha.

Kakanninsu sun bar musu al'ada. Kowace bazara, in ruwa ya ja baya, sai a yi gayya a yashe tafkin, kowane gida ya kwashe laka da kwando ya kai bayan gari. Aiki ne mai ƙazanta da wari, ba a kuwa yi wa kowa guɗa a kansa. Sannu a hankali gidaje suka fara aiko da uzuri maimakon kwando, har aka shekara bakwai ba a yashe ba.

Manomin yana da wata sandar gora mai tsawon mutum uku, da ita yake gwada zurfin ruwa. A zamanin mahaifinsa sai an yi iyo ake kaiwa tsakiyar tafkin, sandar kuma takan nutse ɗungum. A wannan shekara da ƙafa ya taka har tsakiya, ruwa iya ƙirjinsa. Ya kafa sandar, ta tsaya ƙyam a cikin laka. Ya bar ta a wurin domin kowa ya gani.

Ana nan sai labari ya zo cewa fari ya cinye garuruwan da ke arewa da su. Dattawa suka tara jama'a suka ce, "Lalle mu gyara tafkinmu." Manomin ya yi murna ƙwarai, yana tsammani za a ce a fito da kwanduna. Ashe shawarar da suka yanke ita ce a kewaye tafkin da katangar siminti, a yi masa matakala da ƙofar ƙarfe, a rubuta sunan kowace unguwa a jiki.

Ya miƙe ya ce, "Ranku ya daɗe, ba bakin tafkin ne ya lalace ba, cikinsa ne. Laka ta cinye wurin ruwa. Ga sandata can tana ba da shaida."

Babban dattijon ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, kai da sandar nan taka! In baƙi suka zo ganin aikin da muka yi, tulin laka za mu nuna musu?"

Aka gina katanga, aka shafa mata farar ƙasa, aka yanka sa. Manomin da matarsa kaɗai suka shiga tafkin da kwando a wannan bazara. Iyakar ƙarfinsu, rami ɗaya suka iya haƙawa a kusurwar gabas, masu wucewa suna yi musu sannu da bakin ba'a.

Damina ta sauka. Ruwa uku kacal aka yi, tafkin ya cika har baki, sauran ya malale ya bi daji. Mutanen gari suka yi ta rawa suna cewa, "Dubi albarka! Dā sai tsakiyar damina yake cika." Manomin ya koma gida ya kasa cin tuwo, gama ya san faranti ya fi tulu saurin cika.

Sai ruwan sama ya ɗauke tun dawa ba ta nuna ba. Kafin a gama girbi tafkin ya zama taɓo, taɓon kuma ya tsage. Ramin manomin ne kawai ya rage da ruwa. Duk garin suka yi layi a kansa, bai hana kowa ba, amma ramin mutum biyu ba ya shayar da gari. Bayan mako uku guga ya fara fitowa da yashi.

Ran nan babban dattijon ya zo da tulunsa wayam, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a kira gayya gobe, mu yashe."

Manomin ya ce, "Baba, ko mun haƙa yau, wa zai zuba mana ruwa? Ruwan da za mu sha yanzu, mun tsaya muna tafi ya wuce daji."

Suka ɗaure kayansu suka bar garin, har da manomin da ba shi da laifi. Ya bar gonarsa da kabarin mahaifinsa. Da ya waiwaya, sai ga katanga fara fat, sunayen unguwanni ba wanda ya goge, sandarsa kuma tana tsaye a busasshiyar ƙasa.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Tafkin zuciyarka ce, ruwan kuwa Maganar Allah ce. Allah bai hana garin nan ruwa ba, wurin ajiyewa ne babu. Lakar ba rana ɗaya ta taru ba. Ita ce gabar da ka ƙi kashewa, da ƙaryar da ka saba da ita har ta daina damunka, da tuban da kake ta ɗagawa zuwa baɗi.

Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Mun iya gina katanga. Rufin majami'armu sabo ne, anko ɗinmu ba na biyu, waƙa ɗaya kuma ta isa ta sa mu hawaye, sai mu ce mun cika da Ruhu. Amma na sha tsayawa a bakin gadon mara lafiya da bakin kabari tare da waɗansunku, na ga ruwan bai kai mako uku ba.

Yau ana ruwa, kuna jin Magana. Wanda ka shekara ba ka gaisa da shi ba yana zaune a cikin ɗakin nan. Kwandonka na farko ke nan, ka ɗauke shi kafin ka fita ƙofa.