Kande da Jikokinta a Gindin Ɗinya

Akwai wata tsohuwa da aka yi a wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Gumel, a zamanin da Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar nan ba. Sunanta Kande. Duk yankin ba wadda ta kai ta iya maɗin ɗinya. In ta dafa shi sai ya yi baƙi wuluk, ya yi kauri, ya shekara a cikin tulu bai yi tsami ba. Fatake masu wucewa Damagaram ta Maigatari har ratsowa suke yi su tambayi gidanta.

Kande ta san da haka, kuma abin ya shiga kanta.

A gidan ɗanta na fari take zaune, wato Dogo, tare da matarsa Rabi da 'ya'yansu biyu. Babbar ita ce Hannatu, yarinya mai shiru-shiru wadda ba ta kai shekara goma ba. Ƙaramin shi ne Kyauta, wanda Allah ya ba su bayan sun binne 'ya'ya maza a jere. Dogo ba ya son ko ƙuda ya sauka a jikin yaron nan.

Wata shekara da kaka, sai aka fara yabon maɗin wata matashiya a ƙauyen, Lauratu. Za a yi suna a gidan mai gari, aka aiko cewa ana son maɗi daga wurin Kande, ana kuma so daga wurin Lauratu. Kande ta ji kamar an mare ta.

"Ni za a haɗa da yarinyar da aka haifa a gabana? To, za su ga bambanci," in ji ta.

Washegari da hantsi ta ɗauki kwando da doguwar gora, ta kira jikokinta su tafi fadama tsinkar ɗinya. Dogo yana shirin fita gona yankan gero, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Hannatu, ga ƙaninki nan a hannunki. Kada ki bari ya hau bishiya. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Da fari abin gwanin daɗi. Kande na zungura da gora, ɗinya na zubowa, yara na bi da gudu suna tsinta. Hannatu na ware nunannu baƙaƙe a gefe ɗaya, ɗanyu kuma a gefe ɗaya, don a rufe su da toka su nuna a gida. Shi kuwa Kyauta, in ya jefa ɗaya a kwando sai ya jefa biyu a baki. Haƙoransa da leɓensa duk suka yi baƙi.

Kande ta yi masa wasan da kaka ke yi wa jikanta. "Maigidana, da wannan bakin za ka zo min hira? Na fasa auren!"

Yaron ya faɗi ƙasa don dariya.

Amma kwandon bai cika ba. An riga su zuwa, rassan ƙasa duk an kakkaɓe su, kuma Kande ta san aikin Lauratu ne. Da ta ɗaga kai, sai ta hangi wani reshe can sama, ya yi nauyi da manyan 'ya'ya. Ta miƙa gora, ba ta kai ba. Ta dubi reshen, ta dubi Kyauta. Yaro ne mara nauyi.

Ta san Hannatu ba za ta yarda ba. Sai ta miƙa mata buta. "Je ki tafki ki ɗebo min ruwa, ƙishi nake ji."

Yarinyar na ɓacewa a bayan ciyawa, Kande ta ɗaga Kyauta ta ɗora shi a kan reshen farko. Ya yi ta hawa yana murna. Ya girgiza, ɗinya ta zubo kamar ruwan sama.

"Kaka, in sauko?"

"Ƙara gaba kaɗan, maigidana. Ga wasu can manya."

Ya ƙara gaba. Reshen ya yi ƙara, ya ɓalle.

Hannatu ta jefar da buta ta sheƙo da gudu da ta ji ihun. Ta tarar da ƙaninta a ƙasa, hannunsa na hagu ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Kande na rungume da shi, tana salati. Da kukan ya ɗan lafa, tsoro ya kama ta. Wane ido za ta kalli ɗanta da shi?

Ta sunkuya a kunnen yaron, Hannatu na tsaye tana ji. "In an tambaye ka, ka ce kai ka hau da kanka. Ka ji ko? Haka za mu ce."

Kyauta ya gyaɗa kai yana shessheka. Hannatu ta dubi kakarta.

A ranta Kande ta ɗauka maganar ba za ta cuci kowa ba. Yaro ya hau bishiya ya faɗo, sai a ce tsautsayi. Ta manta da abin da Dogo ya faɗa a bakin ƙofa.

Da aka kira shi daga gona ya ga hannun ɗansa, idanunsa suka kaɗa. Ya tambayi yaron, yaron ya faɗi abin da aka koya masa. Sai Dogo ya juya kan Hannatu.

"Kina ina lokacin da ya hau?"

"Na je ɗebo ruwa."

"Wa ya aike ki?"

Hannatu ta ɗaga ido ta dubi kakarta. Kande ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane. Yarinyar ta jira. Da ta ga ba za a yi magana ba, ita ma ta yi shiru.

Dogo ya karyo tsumagiya. Rabi na daga ƙofar ɗaki tana hawaye, amma Hannatu 'yar fari ce, kunya ba za ta bar uwa ta shiga tsakani a gaban surukarta ba. Kande ce kaɗai a gidan za ta iya cewa a bari, a kuma bari, ita kuwa sai da dukan ya yi nisa sannan ta ce, "Ya isa haka," da wata murya da ita kanta da ƙyar ta ji ta.

Aka ɗauki Kyauta a kan jaki zuwa rugar wani dattijon Bafulatani mai ɗori, Bappa Sajo, a hanyar Sule Tankarkar. Ya ja hannun ya daidaita, ya ɗaure da kara. Ya ce zai warke, amma kada a sa rai zai miƙe kamar da.

Tun daga ranar Dogo ya daina yi wa Hannatu magana. In ta gaishe shi sai ya kau da kai. Ya hana ta ɗaukar ƙaninta, ya hana ta zama kusa da shi. A bakin rijiya yara suka riƙa nuna ta, suna cewa ga wadda ta karya ƙaninta.

Ita kuwa ɗinya ba ta jira. Dole a dafa ta kafin ta lalace. Kande ta fito da babbar tukunya, kuma ba wanda ya zo taya ta sai Hannatu. Yarinyar ta wanke ɗinyar, ta jiƙa, ta murje da hannu har ƙwallayen suka rabu da naman. Ta riƙe ƙyalle Kande na tacewa. Ta shanya ragowar a tabarma, ta zauna tana korar kaji. Duk lokacin da ta sunkuya tura itace a murhu, Kande na ganin shatar tsumagiya a bayanta.

Da yarinyar ta yi fushi ko ta murguɗa baki, da abin ya zo wa tsohuwar da sauƙi. Amma sai dai, "Kaka, in ƙara wuta? Kaka, ya fara kauri, zo ki gani."

Kande ta ɗebi maɗi mai ɗumi a ludayi ta miƙa mata. "Ungo, sha."

"Na ƙoshi, Kaka. A ba Kyauta."

Maɗin nan ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Ranar suna mata suka yi ta lasar yatsa, na Lauratu kuwa aka bar shi ga yara. Aka yi ta kiran sunan Kande. Ta yi murmushin dole, ta dawo gida tun kafin a watse. Ko ɗanɗana shi ba ta iya yi ba. In ta tsaya salla sai ta rasa raka'a nawa ta yi. Kullum takan ce gobe za ta faɗa, goben na zuwa sai ta ga fuskar ɗanta, bakinta ya mutu. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira, balle ta tsaya a gabansa ta ce ta yi ƙarya.

Ana nan har aka kwance wa Kyauta ɗori. Wata rana da la'asar aka ji wani abu ya fashe a ɗakin Kande. Kowa ya yo ciki. Tulun maɗin da ta ajiye don rani ne a ƙasa, ya tarwatse, maɗi na malala. Kyauta na tsaye a gefe, hannunsa na dama da haɓarsa duk maɗi.

Dogo ya ce, "Wa ya fasa?"

Yaron bai ko yi jim ba. "Hannatu ce."

Hannatu kuwa shigowarta ke nan daga rijiya, tulun ruwa na kanta.

Kafin wani ya yi magana, Kyauta ya juya ga kakarsa, ya yi mata murmushi irin na abokin sirri. "Kaka, ko ba haka za mu ce ba?"

Kande ta dubi jikanta. Ta zauna a ƙasa, a gefen maɗin. Yaron da wata biyu baya bai san ana faɗin abin da ba a yi ba, yau ga shi ya ƙware, har ya san wa ake ɗora wa laifi a gidan. Kuma ya san a wurin wa ya koya.

Ta rufe fuska da gefen mayafi, ta yi magana ba tare da ta dubi ɗanta ba.

"Kai, saurare ni. Yaron nan bai hau ɗinya da kansa ba. Ni na ɗora shi da hannuna. Ni na aiki yarinyar nan tafki don kada ta hana ni. Ya ce zai sauko, na ce ya ƙara gaba. Ni na ce ya yi maka ƙarya. Ka doke ta a kan laifina, ina tsaye ina kallo."

Rabi ta toshe baki ta koma ɗaki.

Dogo ya daɗe a tsaye. Uwa ce, ba zai iya yi mata faɗa ba. Daga ƙarshe ya ce, "Inna, da kin faɗa min a ranar, wallahi da na ce ƙaddara ce." Ya je ya sauke wa Hannatu tulun da ke kanta da hannunsa, ya durƙusa daidai tsawonta. Yarinyar da ba ta yi kuka a gaban mutane ba tun ranar dukan, sai a lokacin ta fashe.

Da gari ya waye Kande ta same ta a bayan ɗaki tana wanke-wanke. Ta tsuguna kusa da ita.

"Hannatu, ki yafe min. Me ya hana ki faɗa wa babanki gaskiya?"

"Ke ce babba, Kaka. Ba zan ce kin yi ƙarya ba." Ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ke hannunta. "Kullum in na tashi sai in ce yau Kaka za ta faɗa. In dare ya yi sai in ce to, gobe ne."

Kande ta ji maganar nan fiye da duk wani zagi da za a yi mata.

Hannatu ta yafe, ta kuma ci gaba da yi wa kakarta hidima. Hannun Kyauta ya warke a ɗan karkace, haka ya girma da shi. Raba shi da ƙarya ya fi ɗorin wahala, sai da aka yi shekaru ana fama. Kande ba ta sallama wa kowa wannan aiki ba. Duk sanda ta kama shi ya karkata magana, ba ta dukansa. Takan zaunar da shi a gabanta ta ce, "Ni na koya maka wannan, kuma ban kyauta ba. Sake faɗa min yadda aka yi." Haka ta yi ta yi har Allah ya karɓi ranta.

Darasi: Yara ba abin da muke gaya musu kaɗai suke ɗauka ba, sun fi ɗaukar abin da suka ga mun yi. Ƙaryar da babba ya yi don ya tsira daga kunyar rana ɗaya, ƙarami ne yake biyan ta, wani da bayansa, wani da halinsa. In ka yi kuskure a gaban yaro, ka amsa shi tun da wuri, domin wataƙila akwai wanda yake shiru yana jiran ka faɗi gaskiya. Ku tura wa iyaye da kakanni wannan labari, ko Allah zai sa ya amfani wani gida.