Ruwan Rijiya a Tankin Bajanak

Na rantse da gemun kakana, ba za ku yarda da wannan ba. Ni da aka kora daga aji takwas saboda tsokana, ko ni ban taɓa ɗana tarko na zauna a kansa ba. Radko na garinmu Pazarjik ya yi.

Radko direban babbar mota ne, gwani kuwa, sai dai idonsa ba ya son ganin alheri a hannun wani. Wanin nan kuma Lyuben ne. Matansu ya da ƙanwa ne, shi ya sa suke kiran juna bajanak. Shekara goma suna jan tsofaffin motoci masu baƙin hayaƙi, ba wanda ya fi wani.

Sai dokar hayaƙi ta tsananta. Tsohuwar mota kuɗin hanyarta ya ƙaru, wasu hanyoyin ƙetare aka hana ta bi, masu kaya suka fara juya mata baya. Lyuben ya sayar da gonar inabinsa ya sayo sabuwa fara fat, mai ƙaramin tanki mai shuɗin murfi inda ake zuba ruwan maganin hayaƙi. Motar Radko kuwa ta kwanta a bayan gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Ranar Lahadi surukarsu Baba Velika ta yi walimar sabuwar mota. Ta ɗauki cinyar rago mafi tsoka ta ajiye wa Lyuben.

"Ci, ɗana, Jamus da nisa."

"Ni fa, Mama?" in ji Radko.

"Kai ina za ka? Bayan gida?"

Aka fashe da dariya, har matarsa Donka. Radko ya ce zai je shan iska. Ya zagaya inda motar take, rana tsaka, ya ja ruwan rijiya bokiti biyu, ya buɗe shuɗin murfin nan ya ɗura har wuya. Ya san halin sababbin motoci: in suka ji maganin ya zama ruwa, sai su rage ƙarfi da kansu, daga baya su koma tafiyar kunkuru. Ya dawo yana fito, abinci ya yi masa daɗi.

Nan Lyuben ya miƙe da kofi a hannu.

"Jama'a, ga albishir. Tumatirin Mama na bana duka za mu kai Munich ta Jamus gobe, kuma tafiyar direba biyu ce. Bajanak, ga makulli na biyu. Daga yau motar nan ni da kai ne, riba rabi da rabi."

Donka ta rungume yayarta, matar Lyuben, tana kuka. Radko ya karɓi makulli.

Ya so ya zubar da ruwan, amma ina hali? Masu lodi sun kewaye motar har aka gama, Lyuben yana tsaye a kansu. Ya so ya faɗi gaskiya, sai ya tuna cinyar rago, ya haɗiye. Da safe Baba Velika ta watsa ruwa a gaban tayoyi yadda ake yi wa matafiyi a wurinmu, ta ce Allah ya sa tafiya ta gudana kamar ruwa.

Ba su bar Serbiya ba fitila ta kama a gaban sitiyari.

"Wannan kuma mene ne?" in ji Lyuben.

"Sabuwar mota ce, shagwaɓa take. Rabu da ita."

A Hungary ƙarfinta ya ragu. Washegari, a kan wani hawa, ta ƙi wuce gudun keke. Motoci suka yi layi a bayansu suna ham, rana ta buɗe, tumatir ya fara tsiyaya ta ƙasan bodi. Da ƙyar suka lallaɓa zuwa wani gareji. Bakanike ya fito yana goge hannu, bai ko taɓa motar ba, Radko ya tare shi, don hankalinsa na kan kayan:

"Malam, kar ka ɓata lokaci a inji. Zubar da na shuɗin tankin, ruwan rijiya ne a ciki!"

Lyuben ya juyo a hankali.

"Na rijiya, bajanak? Ba na famfo ba?"

"Ai... ƙiyasi na yi."

"Bokiti nawa ka ƙiyasta?"

Radko ya dubi takalminsa. "Biyu."

Lyuben bai ɗaga murya ba. Ya miƙa tafin hannu kawai, Radko ya ɗora masa makulli. Rabin tumatirin ya ruɓe, mai saye ya fasa ciniki. A motar haya Radko ya koma gida, ya tarar Baba Velika ta riga ta kira masu sayen ƙarfe. Suka yanka tsohuwar motarsa a gabansa don a biya gyara. Yanzu yana lodin akwatuna a kasuwar kayan miya, kuma in farar motar ta zo, shi ke loda ta.

Darasin a fili yake: hassada ba ta jira ta ji ƙarshen magana. Wanda kake baƙin ciki da arzikinsa, wataƙila yana nan yana yanka maka rabonka a ciki. Kafin ka ɓata abin ɗan'uwanka, ka tuna gobe kana iya zama kai ne a kan kujerar.