Injin da Ke Dafa wa Mutum Ɗaya

Akwai wani mutum da ya tafi wata ƙasa mai nisa tun yana saurayi, ya daɗe a can har 'ya'yan ƙanwarsa suka girma ba su san shi ba sai a hoto. A can ya zauna a ɗaki ɗaya, da kujera ɗaya, da cokali ɗaya. Ba mai yi masa sallama, shi ma ba ya yi wa kowa. Kowace safiya yakan tsaya a wani shago a ba shi gahawa mai ƙarfi da aka zuba wa madara mai kumfa, a zana masa ganye a kan kumfar. Latte suke ce mata a can. Ita ce abokiyar hirarsa duk shekarun nan.

Yana can mahaifinsa ya rasu, aka binne shi bai zo ba. Ƙanin mahaifin, Baba Zakka, ya kulle ɗakin marigayin a ƙauye, ya rataya mabuɗin a wuyansa. Da mutumin nan ya dawo ya kama gida a gari, sai ya aika a karɓo masa mabuɗin. Baba Zakka ya ce wa ɗan aiken, "Wannan mabuɗi ba a ba da shi saƙo. Zan zo in zauna da yaron, in dubi idonsa, in ga ko zama ya zo yi ko kuwa jakarsa tana bakin ƙofa. In na gamsu in ba shi. In ban gamsu ba, in zuba gyaɗa a ɗakin."

Mutumin ya ce a ransa, "Zan karɓi Baba da abin da bai taɓa sha ba, ya san ban yi zaman banza a waje ba." Sai ya tashi ya tafi shagon da ake sayar da injin gahawa.

Mai shagon ya nuna masa wani ƙarami wanda ake jefa wa ɗan kwanson gahawa a danna kawai, da wani ƙato mai niƙa gahawa da kansa, mai baki biyu, girmansa ya kusa kai janareta. A tsakaninsu akwai wani madaidaici, wanda kai za ka zuba garin gahawa a ludayin ƙarfe ka danne shi, a gefe kuma yana da bututun tururi na tayar da kumfar madara.

Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, ka taɓa haɗawa da hannunka?"

Ya ce, "Na daɗe ina kallon ana yi."

"Ni ma na daɗe ina kallon jirgin sama. To, mutum nawa ke sha a gidanka?"

Mutumin bai ko yi tunani ba ya ce, "Ni kaɗai."

Mai shagon ya dube shi sama da ƙasa. "A garin nan? Ba ka da dangi?"

"Ina da su. Amma ni kaɗai nake."

"To ɗauki na tsakiyar. Ga ɗan koyo ba kamarsa. Sai dai kofi ɗaya yake yi, ka bar shi ya numfasa, ya tayar da tururi, sa'an nan ya sāke."

Mutumin ya kai injin gida ya shiga koyo. Ranar farko madara ta ƙone. Ranar da ta biyo tururi ya watsa ta har rufin ɗaki. Da ya zana ganyensa na farko ya nuna wa ƙanwarsa Lai'atu, ta duba ta ce, "Yaya, ƙadangare ne mota ta taka?" Amma bai fasa ba, har ganye ya fara kama da ganye.

Sai ya zama ranar kasuwa motar ƙauye ta tsaya a ƙofar gidansa. Ya fito taryen Baba Zakka, ga shi kuwa motar ta yi ta haihuwa. Baba ya sauko, matarsa ta sauko, 'yan'uwa suka sauko, dattijon ikkilisiya ya sauko, har da waɗansu da kasuwa kawai za su, suka ji ana zancen wanda ya dawo suka ce ai ba a wuce irin wannan gaisuwa. Falo ya cika, aka shimfiɗa tabarma har bakin ƙofa. Baba ya ce, "Direba zai biyo mana in kasuwa ta watse. Zo ka zauna nan kusa da ni."

Mutumin ya ce, "Yanzun nan, Baba."

Lai'atu ta raɗa masa, "Yaya, bari in ɗora tukunyar kunu."

Ya ce, "Kunu suna da shi a ƙauye."

Ya shiga kicin, ya zuba gari, ya danne, injin ya yi gurnani, madara ta tashi, ya zana ganye mafi kyau da ya taɓa zanawa. Ya kawo wa Baba da hannu biyu. Baba ya duba ya yaba, ya ajiye kofin a gabansa.

"Sha mana, Baba. Da zafinsa ake sha."

"Ba a yi addu'a ba."

"To a yi."

"A yi a kan me? Dubi hannun mutane, ba komai. A gidan ubanka ba a godiya sai kowa ya riƙe nasa. Ko ka manta?"

Mutumin ya koma da sauri. Ya yi na matar Baba, injin ya numfasa. Ya yi na dattijo, injin ya numfasa. Kowa ya karɓa ya ajiye ya naɗe hannu yana jira. Kafin ya kai ga na bakin ƙofa, kumfar Baba ta kwanta, ganyen ya narke, ƙuda yana iyo a ciki. Ya ce, "A'a, Baba ba zai sha wannan ba." Ya ɗauke ya sāke sabo. Yana kawowa ya tarar na matar Baba ya huce. Ya ɗauke nata. Yana kawowa na dattijo ya huce. Haka ya yi ta kai da kawowa, gumi yana bin gemunsa, ba a taɓa samun lokacin da kowa ke riƙe da mai zafi ba.

Baƙi kuwa suka gaji da jira suka fara hira da bayansa ta ƙofar kicin. Baba Zakka ya ɗaga murya ya ce, "Ɗana, ana gobe ubanka zai rasu, ya kira ni ya ce, in yaron nan ya dawo…" Sai bututun tururi ya yi fuuu, ya haɗiye sauran maganar. Mutumin ya ce, "Na'am, Baba, ina ji," alhali idonsa yana kan kumfa.

Can sai ga ƙahon mota a waje.

Baba Zakka ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya ce, "To, ɗana, mun gode. Mun ga ƙeyarka, aski ya zauna. Mun ga bayanka, ka yi ƙiba, Allah ya ƙara lafiya. Fuskar kuma sai wani zuwan."

Mutumin ya juyo da butar madara a hannu. Ya ga mabuɗin yana lilo a ƙirjin tsohon da ya nufi ƙofa. Ya ga kofuna jere a kan tabarma, ba wanda aka kurɓa. Sai ya kashe injin. Ya ce, "Lai'atu, ina babbar ƙwaryar nan?"

Ta ce, "Wadda ka ce in ɓoye don tana ɓata maka kicin?"

"Ita."

Ya bi kofunan nan ɗaya bayan ɗaya ya juye su a ƙwarya, mai zafi da mai sanyi, mai ganye da mai ƙadangare. Na ƙudan kawai ya bari a kicin. Ya ajiye ƙwaryar a tsakiya da ludayi, ya zauna a ƙasa a gaban Baba, ya ce, "Baba, ga ni. A yi addu'a."

Baba ya leƙa waje ya ce wa direba, "Kashe motar ka shigo, akwai ludayi." Sa'an nan ya cire hula ya fara godiya. Ya gode don ruwan bana, da na bara. Ya gode don hanya, da tayar mota, da saniyar da ta ba da madarar, duk inda take. Kafin a ce amin, ɗan ɗumin da ya rage a ƙwaryar ya tafi.

Baba ya ɗebi ludayin farko ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Ya ce, "Wannan ka yi shekara da shekaru kana sha? Kai, yaron nan, ka sha wahala a ƙasar mutane. Lai'atu, kawo sukari."

Aka bushe da dariya, ludayi ya yi ta zagayawa. Da ya iso kan mutumin, Baba ya ce, "Abin da ubanka ya faɗa, wanda injinka ya cinye, shi ne: in yaron nan ya dawo, kada ku tambaye shi abin da ya kawo, ku matsa masa wurin zama." Ya cire igiyar mabuɗin daga wuyansa ya rataya masa.

Washegari mutumin ya koma shagon ya ce, "Jiya na yi baƙi. Tambayar da ka yi mini, ban amsa daidai ba."

Mai shagon ya ce, "To mutum nawa ne?"

"Ban sani ba. Sai mota ta tsaya."

"Wannan ba inji kake nema ba, yallaɓai. Riƙe naka ka sha da safe. Masu tukwane suna layi na gaba."

Ma'anar wannan misali ita ce: mutumin nan shi ne duk wanda ya komo gidan Ubangiji da ƙafarsa, amma a zuciyarsa har yanzu yana ƙirga kansa mutum ɗaya. Wanda ya taɓa zama inda ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa ya san yadda abin ke shiga jiki. Kana iya dawowa da jakunkuna, ɗakin nan mai kujera ɗaya ya biyo ka a ciki ba ka sani ba.

Injin ba shi da laifi, abin da aka saye shi ya yi shi ya yi. Amsar mutumin ce ta zaɓa masa shi. Haka mu ma muke zaɓen gida, da aiki, da yadda za mu kashe ranar Lahadi, daidai cikin mutum ɗaya, sa'an nan mu yi mamaki da 'yan'uwa suka cika falo abin bai isa ba.

Ganyen kan kumfa kuwa shi ne abin da muke so a yaba mana. Waƙar da muka iya, da rigar da muka ɗinka, da hidimar da ke hana mu zama. Akwai masu yi wa Allah aiki tun safe har yamma, amma ƙeyarsu kawai yake gani. Yana magana, tururinsu yana haɗiye maganar, suna cewa, "Na'am, ina ji." Ina gaya muku, 'yan'uwa, mota ba ta kwana a ƙofar gida. Tsofaffinmu ma ba za su riƙe mana mabuɗi har abada ba.

Saboda haka in an tashi sujada yau, kada ku zarce ƙofa kamar ana binku. Ku nemi wanda kuka daɗe kuna nuna wa baya, ku zauna, ku bar shi ya gama maganarsa. In kuma wani ya tambaye ku mutum nawa ke sha a gidanku, kada ku yi saurin amsawa. Ku leƙa waje tukuna, ko mota ta tsaya.